Daga Jidda zuwa dutsen Galibiye da keke da tanti

Hajiyarmu ba ta hana mu tafiya ba. Kallonmu kawai ta yi ta ce, "Wato ku biya kuɗin jirgi har ƙasar Turawa don ku je ku kwana a ƙasa?" Ni da ƙanena muka yi dariya. Ranar da sanyi ya hana mu barci a cikin tanti, babu wanda ya yi dariyar.

A Jidda muka tashi, kuma hawan kekenmu bai wuce bakin teku ba, Juma'a bayan Asuba kafin rana ta buɗe. Wani abokin aikina ɗan Eritiriya ne ya sa mini son kallon Tour de France, tseren keken Faransa da ake yi tun 1903, zango 21 cikin mako uku. Su mutanen Asmara, babban birnin Eritiriya, keke a jininsu yake. Da aka fitar da taswirar tseren 2024 a watan Oktoban da ya gabace shi, na ga daga Italiya za a fara, a tsallaka Faransa ranar 2 ga Yuli a haura dutsen Galibiye. Babbar Sallah kuwa 16 ga Yuni ce, wato kafin ranar tseren hidimar alhazai ta lafa. Sai na ce wa ƙanena ya fara tari.

Takardu sun ci lokaci amma ba su ba da mamaki ba. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, na son inshorar lafiya ta Yuro 30,000 da shaidar masauki, muka miƙa takardar filin tanti da muka kama tun da wuri. Sai huruj da auda, wato izinin fita da dawowa Saudiyya, daga wurin kafili, da duba cewa igama ba za ta mutu muna can ba. Kekunan muka kwance musu feda da ƙafar gaba, muka cusa a kwalin da mai shagon keke ya ba mu kyauta. Kilishin da aka aiko mana daga Kano dole ya zauna a gida, domin ba a shiga Tarayyar Turai da nama. Dabino da ganyen shayi da yaji muka ɗauka.

Inda muka yi wauta shi ne lissafin tafiya. A takarda na tsara za mu bi tseren zango uku a jere, kamar masu mota. Mun sauka Milan, jirgin ƙasa ya bi da mu ta Turin ya sauke mu a wani ƙaramin gari a gindin duwatsu, muka ɗaure kaya muka kama hawan dutsen Monjanebur zuwa garin Biriyanson na Faransa. Keken da ke ɗauke da tanti da tukunya da bargo ba shi ne keken da ka sani a bakin teku ba. Kafin rabin hawan ƙanena ya sauka yana turawa.

"Yaya, zango nawa ka ce za mu bi?"

"Ɗaya," na ce masa. A nan na yage sauran tsarin.

Mun isa ranar Lahadi da yamma, shaguna a rufe. Ba a hawa jirgin sama da tukunyar gas, ga shi ba mu saya a hanya ba, don haka daren farko dabino da ruwan sanyi muka ci. Biriyanson na kan tsayin da ya haura mita 1,300, filin tantinmu ya ma fi nan tudu. Bargon da muka saya a Jidda, wanda mai shago ya rantse yana maganin kowane irin sanyi, ashe sanyin Ɗa'ifa yake nufi. Na kwana da safa a hannu. Alwalar Asuba da ruwan da ya gangaro daga ƙanƙara kuwa, sai wanda ya yi. Ga rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, Isha ta yi nisa, Asuba ta matso, barcin da ke tsakani bai taka kara ya karya ba. Kasaru da haɗa salloli suka cece mu.

Litinin da yamma wayata ta yi ƙara, ɗan Eritiriyan nan ne, ihu yake har ba na jin abin da yake cewa. Biniam Girmay, ɗan ƙasarsu, ya ci zango na uku, baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya taɓa cin zango a wannan tseren. A ina? A Turin, garin da muka ratsa jiya-jiya ba mu ko sauka shan shayi ba. Ni da na yi wata takwas ina nazarin duwatsu ban ko kalli zangon shimfiɗaɗɗiyar hanya ba, alhali nan ne ɗan namu yake da ƙarfi. Har yau abin yana ci mini rai.

Talata muka bar kaya a tanti, muka fita da sassafe, don ana rufe hanya sa'o'i da yawa kafin 'yan tsere su iso. Daga mashigar Lotare, mita 2,058, saura kilomita takwas da 'yan kai zuwa ƙololuwar Galibiye, mita 2,642. Numfashi ya fara gajarta, kai na sarawa. Wani jandarma ya ɗaga hannu, muka sauka muka tura, muka samu gefen wata kwana inda ake hango hanyar tana murɗawa daga ƙasa kamar igiya. Ga ƙanƙara jibge a gefen dutse, a watan Yuli.

Sai jira. Awa biyar muna zaune. Wani tsoho da matarsa da suka kwana uku a wurin cikin motarsu mai ɗaki suka ba mu kofi, muka ba su dabino, babu mai jin yaren wani. Ayarin motocin talla ya wuce yana watso huluna da alewa, manya suna wawaso kamar yara. Ƙanena ya cafke alewa mai danƙo, na ƙwace, don irinta sau da yawa da sinadarin alade ake yi.

Jirage masu saukar ungulu muka fara ji. Sannan babura, sannan ihu yana hawowa daga ƙasa. 'Yan gaba suka wuce mu a hawan da muka tura keke, da gudun da muke yi a bakin teku. Na ga gumi na ɗiga daga haɓar gwanin tseren nan Tadej Pogacar, bakinsa a ɗan buɗe, babban abokin hamayyarsa Jonas Vingegaard na manne da shi. Can sama kusa da ƙololuwa ya tsere musu, ya ci zangon, ya karɓi rigar ɗorawa, wadda mai jan gaba a tseren ke sawa. Wannan a waya muka gani daga baya. Abin da idonmu ya gani bai kai daƙiƙa ashirin ba.

Muka tsaya har 'yan baya suka iso, fuskokinsu kamar an tono su, muna ta kiran "Biniam! Biniam!" ba mu ma tantance shi a cikinsu ba.

Gangarowa ta fi hawa wuya. Dubban mutane a hanya, iska kamar reza, yatsuna suka sandare har na kasa matse birki, na tsaya na cusa su a hammata. Washegari da shago ya buɗe, safar hannu na fara saya, sannan bargo na gaske.

Da muka dawo Hajiya ta karɓi hular da aka watso mana, ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Ita ke nan tsarabar?"