'Yar jakar da ke bayan kaza

Bara da damina na yi asarar 'yan tsaki sama da sittin cikin kwana biyar, kuma laifina ne. Na sayo rigakafin cutar kaji ta Gumboro tun da hantsi, na biya gidan suna da shi a jaka, ƙanƙarar ta narke, ban zuba musu a ruwan sha ba sai bayan magariba. Da suka kai sati huɗu sai na tarar sun takure a lungu, gashi a tashe, suna farin zawo.

Likitan dabbobi ya zo ya farke ɗaya daga cikin matattun da almakashi. Can baya, daidai saman dubura, ya nuna mini wata 'yar jaka da ta kumbura kamar ɗan kanya, da ruwa rawaya-rawaya a jikinta. Shekara nawa ina gyaran kaza ina yanke wurin nan ina jefa wa kyanwa, ban taɓa sanin da ita ba.

"Hajiya, sunanta bursa," in ji shi. "A nan ake rainon ƙwayoyin da ke kare kaza daga cuta, kuma nan Gumboro ke fara ci. Waɗanda suka tsira ma ki sa musu ido, ko rigakafin Lasota kika ba su ba lallai ya kama ba."

Da daddare na ba 'yata labari, ita da ke makarantar koyon aikin jinya. Sai ta tuntsire da dariya, wai ashe kajina sun riga ta shiga aji. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira limfosayit, manyansu iri biyu ne, B da T. B ɗin nan daga sunan bursa aka ɗauko shi. A Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, wani ɗalibi Bruce Glick ya cire wa kaji jakar tun suna tsaki. Abokinsa Timothy Chang ya ari kajin don gwaji a aji, ya yi musu allurar ƙwayar cuta, jikinsu ya ƙi samar da abin kariya. Suka buga sakamakon a 1956, a mujallar masu kiwon kaji, inda likitocin mutane ba su cika leƙawa ba. Ni dai wannan ya yi mini daɗi, mu masu kiwo ba a banza muke ba.

Na ce to mu ina tamu jakar?

"Umma, ba mu da ita. Ɓargo ke yi mana aikin."

Ɓargon nan dai da nake bubbuga ƙashi a gefen kwano in zuƙe. Ta ce wanda ke aikin shi ne ja, na cikin ƙashin ƙugu da haƙarƙari da ƙashin ƙirji. Wanda nake zuƙa a ƙashin ƙafar sa yawanci kitse ne. A jan ɓargo ake haifar ƙwayoyin jini duka, kuma 'yan B a nan suke girma har su isa fita.

'Yan T kuwa sai sun yi ƙaura zuwa wata tsoka mai suna taimos, bayan ƙashin ƙirji, a gaban zuciya. Jacques Miller ne ya gano amfaninta a Landan a 1961, da ya cire wa jariran ɓeraye ita suka kasa jure cuta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsananin tacewar da ake yi a wurin. Ƙwayar da ba ta iya gane komai ba, a bar ta ta mutu. Wadda za ta far wa jikin mai ita, a kashe ta. Fiye da casa'in cikin ɗari ba sa fitowa da rai. 'Yan kaɗan da suka haye su ne ke zuwa saifa da kaluluwa su yi gadi, shi ya sa hammata ko matsematsi ke kumbura in an ji ciwo.

Taimos tana da girma a jikin yaro, daga balaga sai ta riƙa motsewa tana komawa kitse. Da Babbar Sallah na tsaya a kan mahaucin da ke fiɗar ragonmu, na ce ya nemo mini ita a ƙirji. Ya laluba, ya laluba, ya ɗago wani guntun kitse ya ce, "Hajiya, ragon naku ya kwana biyu a duniya fa."