Kwaɗo biyu da zaren ɗinki

Garwa, Asabar.

Tun hantsi aka ɗauke wuta, keken ɗinki ya tsaya, zafi kuwa sai wanda ya gani. Na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, sai ga 'yar ƙanwata da ke lise, wato babbar sakandare, da littafin fizik a hannu, wai Litinin suna da jarrabawa.

"Kawu, ara mini zare da kwaɗon shago."

Ta ɗaura zaren a reshe, ta auna mita ɗaya da tef ɗina har tsakiyar kwaɗon. Na ce kunnensa ma ai ya isa, ta ce a'a, tsakiyar nauyi ake bi. Ta ja shi gefe kaɗan ta saki, ni kuma na riƙe agogon waya. Ya je ya dawo sau goma, daƙiƙa 20.

Sai ta ɗauko ɗan kwaɗon akwati ta tambaye ni wanne zai fi sauri. Na ce babban mana, wa ke tambayar wannan? Har na yi alkawarin soya, wato gasasshen nama, idan na faɗi. Daƙiƙa 20 cif! Na ce hannuna ne ya makara. Sau uku muka sake, ban tsira ba.

Ashe lilon nan ba ruwansa da nauyi, tsawon zare yake ji da ƙarfin jan ƙasa, wato yadda ƙasa ke jawo abu zuwa gare ta. Ta rage zaren zuwa santimita 25, ya rinƙa kai-komo kamar kan ƙadangare, sau goma cikin daƙiƙa 10. Wato sai ka ninka tsawo sau huɗu kafin lokaci ya ninka sau biyu. Wannan ya tsaya mini a rai, don a wajen tela yadi biyu kuɗin yadi biyu ne.

Da la'asar ta ba ni labarin wani Bafaranshe, Jean Richer, da ya kai agogon lilo Kayen, wani gari a Kudancin Amurka kusa da layin da ya raba duniya biyu, a 1672. Agogon da ke daidai a Paris ya koma yana latti kusan minti biyu da rabi kullum, saboda jan ƙasa ya ɗan fi rauni a kusa da layin da ya raba duniya biyu. Ta ce mu ma nan Garwa ba mu da nisa sosai da layin. Na ce ta yi shiru, kada yaran shagona su ji su samu hujja.

Wuta ba ta dawo ba sai bayan isha'i. Soyar jaka ɗaya ta ci, ko tayi ba ta yi mini ba.