Hunturun Kolon da kofin da ban mayar ba

Na sauka Kolon a watan Oktoban 2022 da rigar sanyi guda ɗaya da na tsinto a gwanjon Ƙofar Wambai, ina ganin na gama shiri. Kowa ya ja mini kunne kan sanyin Jamus, amma ba wanda ya ce mini komai game da duhu. A Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen takwas da rabi, kafin huɗu da rabi kuma ta faɗi. In tafi asibitin da nake koyon aikin jinya da duhu, in dawo da duhu. Azahar, La'asar da Magariba duk sun cunkushe cikin awa huɗu, alwala ɗaya ta ishe ka idan ka iya riƙe ta.

Hunturunmu na gida hazo ne da ƙura, leɓe ya tsattsage ka nemi man kaɗanya. Na nan danshi ne da yayyafin da ba ya ƙarewa. Dusar ƙanƙarar da nake ɗokin gani ma ba ta cika zama a Kolon ba, in ta sauko da safe kafin azahar ta zama caɓi. Ga shi a shekarar kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi saboda yaƙin Rasha da Yukren, sai na riƙa tsoron kunna na'urar ɗumama ɗaki, ina kwana da safa biyu. Har bangon bayan kabad ya fara baƙi. Tsohuwar da ke bene na ƙasa ce ta koya mini dabarar Jamusawa: a buɗe taga wangale na 'yan mintuna safe da yamma, ko da haƙora na haɗuwa, sannan a rufe. Da farko na ɗauka zolayata take yi.

Daɗin farko da na gano shi ne agogo. Idan suka mayar da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, lokacinmu da na Kano sai ya zama ɗaya. In kira Umma bayan Isha'i ba tare da lissafi ba. Da na gaya mata ƙarfe nawa muke shan ruwa, sai ta ce, "Ke kam ki rama duk azumin da ake binki, wannan ai garaɓasa ce." Na kuwa rama, har na ɗora da Litinin da Alhamis.

Kasuwar Kirsimeti da ke gindin babbar majami'ar birnin kuwa, makonni biyu ina ratsa gefenta ban shiga ba, ina ganin ba hurumina ba ne. Wata abokiyar aikina 'yar Turkiyya ce ta ja ni. Rumfunan katako, fitilu sama da ƙasa, ƙamshin kirfa da sukarin da ake toyawa. Mafi yawan mutane giya mai zafi suke sha, amma akwai wanda ake yi wa yara da ruwan 'ya'yan itace, Kinderpunsch, shi muka saya. Muka ci wainar dankalin turawa da ake gogawa a soya, wadda 'yan Kolon ke dangwalawa a markaɗaɗɗen tufa. Ni dai har yau ina ganin yaji ya fi dacewa da ita. A kan kofin ana karɓar kuɗin ajiya, in ka mayar a ba ka kuɗinka. Ban san haka ba, na yi ta mita a zuci cewa an tsuga mini kuɗi, na taho da shi gida.

Ranar 24 ga Disamba na sha mamaki. Na taso daga aiki da la'asar na nufi kanti, na tarar ko'ina a garƙame tun wajen ƙarfe biyu, kuma 25 da 26 duk hutu ne. Abin da ke ɗakina shinkafa ce, albasa biyu da kuka da daddawar da na zo da su. Titi tsit, ba kamar Sallarmu da kowa ke waje ba. Bikinsu na cikin gida ne.

Da daddare aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar nan ce riƙe da gwangwanin biskit ɗin da ta gasa da kanta. Kafin in buɗe baki ta ce babu giya a ciki, babu komai na alade, man shanu ne da gari da sukari. Na rasa abin da zan saka mata da shi. Washegari na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka na kai mata. Ta ci loma uku cikin ladabi, ta tambayi me ke ba miyar wannan ƙamshi, ni kuma Jamusancina bai kai in yi bayanin daddawa ba.

Wannan ne hunturuna na uku. Na sayi takalmin da ruwa ba ya shiga, na kuma daina tsoron na'urar ɗumama ɗaki. Kofin yana nan, a ciki nake shan kunun gyaɗa in na yi sahur ƙarfe shida na safe.