Sobolo ai namu ne

Duk inda ka bi a Aboabo ko Asawase da rana tsaka sai ka ga kula cike da robobin sobolo, mutanen Kumasi sun ɗauke shi kamar nasu, alhali zoborodo ne dai namu na gida, ɓawon furen yakuwa da ake shanyawa a rana. A Senegal bissap suke ce masa, a Masar da Sudan karkade, har Mexico ake kai shi buhu-buhu daga Jigawa da Kano.

Ni fa wanda aka cika wa siga ba na so, gaskiya. Mai kyau sai ka ji tsamin nan ya ɗan kama maka dadashi, bakin ya ɗan bushe, sannan citta ta biyo baya ta yi zafi a maƙogwaro, ga ƙamshin kanumfari da kimba can ƙasa-ƙasa, in mai dafawar ta san aikinta ta jefa ɓawon abarba a tukunya to shi kenan an gama. Kalar ma ja wur har ta yi duhu, in ta zuba a farar riga ka yi haƙuri kawai.

Abinci mai maiƙo yake so. Tsire da yajin ƙuli, ko waakye (shinkafa da wake irin ta Ghana) da shito (baƙin yajin nan nasu mai mai) da ganda, tsamin yana wanke man daga baki. Ƙosai ma ba laifi. Amma da koko ko fura? A'a, ciki ba zai yafe maka ba. Kuma a sha shi da sanyi sosai, ɗumi ba ya masa kyau ko kaɗan.