Shugaban da ba shi da aƙida

Jiya na saurari muhawarar 'yan takara, kowa na rantsuwa zai kare 'yanci da iyali da kasuwa. Da aka tambayi ɗaya dalilinsa, sai ya ce abin da jama'a ke so ke nan. Wallahi jikina ya yi sanyi. To, ranar da jama'a suka sauya ra'ayi fa?

Marar aƙida yau zai yabi ɗan kasuwa, gobe ya ƙayyade masa farashi don neman ƙuri'a, jibi ya rufe jaridar da ta soke shi.

A 1985 Botha, shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, ya yi wa Mandela tayin saki bisa sharaɗi. Ya ƙi, ya ƙara shekara 5 a kurkuku. Mai irin wannan tsayuwar nake nema in dangwala wa.