Laraba, a ɗakin wankin ƙoda

Da sanyi na fita yau, irin sanyin watan Yuni na Alice Springs, garin nan na tsakiyar Ostireliya, mai ƙagar da yatsu. Ƙarfe bakwai na tarar da Anti a kujerarta, ta ja bargo har wuya. Haka ake kiran dattijuwa a cikin 'yan asalin Ostireliya don girmamawa, ita kuma Sista take ce mini. Na auna sukarinta, ya haura 18. Har na buɗe baki zan fara faɗan da na saba a kan shayi da burodi, sai na ga idanunta sun kumbura.

Ƙanwarta ce ta rasu a garinsu, Kintore. Ba ta ambaci sunanta ba, domin a al'adarsu ba a kiran sunan mamaci. Zaman makokinsu yakan ɗauki makonni, dangi su taru daga ko'ina, kowa da mazauninsa. Ita ga ta nan, fiye da kilomita 500 daga gida, inji na jiranta sau uku a mako, awa huɗu kowane zuwa.

"Sista, wa zai zauna a wurina?" Abin da ta ce ke nan, ta juya fuska bango.

Na ajiye takardar na zauna. Anti Bafintufiya ce, 'yar ƙabilar Pintupi. Iyayenta cikin hamada suka tashi, suna cin damo da 'ya'yan itatuwan daji, kafin a kwaso su zuwa Papunya, inda gwamnati ke rabon fulawa da sukari da ganyen shayi. A 1981 suka yunƙura suka koma ƙasarsu, suka kafa Kintore. Yanzu ciwon suga ya cinye ƙoda, ya sake jawo dattawan nan gari, ƙasar ƙabilar Arrernte, inda suke baƙi. Wannan ne ke ci mini rai. Mutum ya sha wuya ya koma gida, cuta ta sake fitar da shi, sannan mu tsaya kansa da alƙalami muna rubuta cewa ba ya bin doka.

Na tuna Baba a Zariya. Shekara goma yana fama da suga, amma kullum da yamma yana zaure, abokansa na tsokanarsa a kan tuwon alkama. Da za a raba shi da zauren nan, ban san wace allura za ta riƙe shi ba.

Mutanen Anti ba su naɗe hannu ba. A 2000 masu zanen kamfanin 'yan asalin yankin mai suna Papunya Tula suka yi gwanjon zane-zanensu a Sidni, aka tara sama da dalar Ostireliya miliyan ɗaya, a 2004 aka kunna injin farko a Kintore. Ƙungiyar da ke wannan aiki ce yau ake kira Purple House. Kujerun wankin ƙoda na Kintore kaɗan ne, bi da bi ake zuwa.

Da azahar na sami likita, na roƙe shi ya nema mata kujera a can, ko ta mako ɗaya ce. Ya ce zai buga waya gobe da safe. Da na gaya mata ba ta ce komai ba, sai ta kama hannuna ta riƙe har inji ya yi ƙarar gamawa.

Na dawo na kira Baba, muka daɗe muna hira. Ban tambaye shi sukarinsa ba.