Shafukan baya na rahoton Lockheed Martin

Ni akanta ne, kuma duk rahoton shekara da ya shigo hannuna daga baya nake fara karanta shi, don a can ake ajiye abin da ba a so a yi wa shela. Makon jiya na zauna da na Lockheed Martin, kamfanin Amurka da ke ƙera jirgin yaƙi F-35, na zarce wurin haya, shari'o'i da gurɓatar muhalli.

Batun haya bai ci mini lokaci ba. Tun 2019 ƙa'idar lissafi ta Amurka ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni su rubuta kuɗin hayar da suka yi alkawarin biya nan gaba a jerin basussukansu. Abin da na tsaya a kai shi ne, katafariyar masana'antar Fort Worth da ke Tekzas, inda ake harhaɗa F-35, ta rundunar sojan saman Amurka ce. Gwamnati ce mai gida, ita ce kuma mai sayen kaya.

Batun ruwa ne ya hana ni sukuni. A Burbank, jihar Kalifoniya, inda Lockheed ya shafe shekaru da dama yana ƙera jirage, sinadaran wanke maiƙo daga ƙarfe, TCE da PCE, sun tsiyaya har suka iske ruwan ƙarƙashin ƙasa. A 1996 kamfanin ya biya mazauna garin kimanin 1,300 dala miliyan 60. A Redlands kuwa, wani garin Kalifoniya inda kamfanin ya yi injinan roka, sinadarin perchlorate, wanda ake sawa a man roka, shi ne ya shiga rijiyoyi.

To wa ke biyan kuɗin tsaftacewa? Kamfanin yana rubuta kuɗin a matsayin bashi a kansa, sai kuma ya rubuta mafi yawansa a matsayin kuɗin da zai dawo masa, saboda dokar kwangilar gwamnati ta yarda a cusa shi cikin farashin kaya. Kusan kashi uku cikin huɗu na cinikinsa da gwamnatin Amurka yake yi. Bayan haka ya kai gwamnatin ƙara kan Redlands da wasu filaye biyu, a 2014 kotu ta ɗora mata wani kaso na abin da za a kashe nan gaba. A lissafi babu kuskure ko ɗaya, na duba. Amma raina bai kwanta ba, don wanda ya sha ruwan, harajinsa ne ake wanke ruwan da shi.

Tallevast na fi tunawa, wani ɗan ƙauyen baƙar fata a Fulorida. Lockheed ya gaji wata masana'antar sarrafa ƙarfen beryllium a can lokacin da ya sayi sashen kayan tsaro na kamfanin Loral a 1996. An gano gurɓatar ruwan ƙarƙashin ƙasa a wurin a 2000, an sanar da hukuma. Mutanen ƙauyen, waɗanda wasunsu daga rijiya suke sha, ba su ji labari ba sai 2003.